Tarihin Magabata: Halilu Ɗan Ahmad Alfarahidi, Malamin da Ya Auna Waƙa

 

Ya ku ɗalibai da iyayen ɗalibai, abin da ya sa na zaɓo wannan bawan Allah a wannan fitowa shi ne wasu maganganu biyu da nake ji duk ranar da muka raba sakamakon jarrabawa. Uba zai karɓi takardar ɗansa, ya duba, ya girgiza kai, ya ce wai yaron nan ba shi da kan karatu, gara a miƙa shi kasuwa. Wata uwa kuma ta ce ai 'yarta baiwa gare ta, ko ba ta yi tilawa ba sai ta ci. Na farko ya yanke wa ɗansa ƙauna, ta biyu ta koya wa 'yarta lalaci, kuma dukansu da kalmar baiwa suka kafa hujja. To, ku zo mu duba rayuwar mutumin da malaman Larabci suka haɗu a kan cewa bayan sahabbai da wuya a sami wanda ya kai shi kaifin basira, mu ga me ya yi da tasa baiwar, kuma yaya ya yi da ɗaliban da ba su kai shi ba.

SUNANSA DA TASHINSA

Sunansa Alkhalil ɗan Ahmad ɗan Amru ɗan Tamimu, wato Halilu a bakinmu na Hausawa. Alkunyarsa Abu Abdurrahman. Ana ce masa Alfarahidi saboda dangantaka da Farahidu, wani reshe na ƙabilar Azdu. An haife shi a shekara ta 100 bayan Hijira, daidai da 718 Miladiyya, mafi yawan marubuta suna cewa a ƙasar Oman, sannan ya tashi a birnin Basra ta ƙasar Iraƙi. Wasu masu tarihi sun ambata cewa mahaifinsa ne mutum na farko da aka raɗa wa suna Ahmad bayan Manzon Allah (S.A.W.).

Basra a wancan zamani gari ne na malamai. An kafa ta tun zamanin Sayyidina Umar (R.A.), kuma Halilu yana ɗan shekara 10 manyan malamanta biyu suka rasu, wato Hasanul Basri da Muhammadu ɗan Sirina, a shekara ta 110. A bakin garin akwai wata kasuwa da ake kira Mirbad, inda Larabawan ƙauye suke kawo raƙuma su sayar, mawaƙa kuma su taru suna ja-in-ja da baitoci. Masu neman ingantaccen Larabci sukan je can da tawada da alƙalami, su tsare baƙauye suna rubuta abin da ya fito daga bakinsa. Dalili kuwa shi ne Musulunci ya yaɗu, Farisawa da sauran ƙabilu sun shigo, harshe ya fara cakuɗewa, har kuskure ya soma shiga karatun Alƙur'ani. Wannan tsoro shi ya haifar da ilmin Nahawu, kuma a cikin wannan yanayi Halilu ya buɗe ido.

NEMAN ILMINSA

Ya yi karatu a wurin Isa ɗan Umar Assaƙafi, da Abu Amru ɗan Ala'i, wanda yake ɗaya daga cikin malaman ƙira'a bakwai. Ya kuma ji Hadisi daga Ayyuba Assakhtiyani da Asimul Ahwal. Amma bai tsaya a zauren malamai kaɗai ba. Ya shiga sahara, ya zauna da makiyaya, yana sauraron yadda suke magana da yadda suke waƙa.

Akwai labarin da ke nuna wannan. Alkisa'i, malamin Kufa, shi ma ɗaya daga cikin malaman ƙira'a bakwai, ya zo Basra ya zauna gaban Halilu. Da ya ga yawan saninsa sai ya tambaye shi inda ya samo wannan ilmi. Halilu bai ce masa baiwa ce ba, ya nuna masa hanya, ya gaya masa cewa daga ƙauyukan Hijaz da Najdu da Tihama ya ɗebo shi. Alkisa'i ya tashi ya nufi can, kuma an ruwaito cewa bai dawo ba sai da ya ƙarar da kwalabar tawada 15 wajen rubutu, ban da abin da ya haddace. Ku riƙe wannan labari, don za mu koma kansa.

YADDA YA GANO MA'AUNIN WAƘA

Larabawa sun daɗe suna waƙa kafin zuwan Musulunci. Kunnensu yana gaya musu baitin da ya tsaya daidai da wanda ya karye, amma babu wanda zai iya bayyana dalili. Saboda abin ya fi ƙarfin bayaninsu, sai mutanen Jahiliyya suka ce ai kowane mawaƙi yana da aljaninsa mai sanya masa waƙa a baki. Har suna da wani kwari da suke kira Abƙar, wai can ne garin aljanu, kuma daga nan kalmar abƙari ta fito, wadda Larabawa ke kiran mai tsananin hazaƙa da ita. Mu ma nan ƙasar Hausa kun san ana faɗin irin haka game da wasu makaɗa da mawaƙa.

An ruwaito cewa Halilu ya roƙi Allah a Makka Ya ba shi ilmin da ba wanda ya riga shi, wanda kuma ba za a same shi ba sai ta hanyarsa. Bayan ya dawo Basra, wata rana yana wucewa ta kasuwar maƙeran tagulla sai ya ji ƙarar guduma tana sauka a kan tasa, wani bugu a haɗe, wani a rarrabe, kamar dai yadda kuke jin lugude idan mata biyu ko uku suna daka a turmi ɗaya. Nan tunani ya zo masa cewa waƙa ma haka take, motsi ne da tsayawa suke bin juna a kan tsari.

Ya koma gida ya ɗauko waƙoƙin Larabawa yana yanka su gunduwa-gunduwa. Ƙa'idarsa ita ce abin da baki ya furta shi ake ƙirgawa, ko da ba a rubuta shi ba. Harafi mai shadda biyu ne, tanwini kuma nunun ne mai ɗauri. Kowane harafi ko dai mai wasali ne ko mai ɗauri. Daga nan ya ƙera ma'aunai irin su fa'ulun, mafa'ilun, fa'ilun, mustaf'ilun da mutafa'ilun, ya ga cewa kowace waƙa maimaita waɗannan take yi a kan wani tsari. Kowane tsari ya kira shi bahari, wato kogi ko teku, abin da mu muke kira kari. Ya fitar da bahari 15, ya zuba su cikin da'ira 5. Daga baya aka jingina wa Al'akhfash, almajirin almajirinsa, ƙarin na 16 mai suna Mutadarak.

Ku lura da sunayen da ya zaɓa. Tun da Larabawa suna kiran layin waƙa baiti, wato ɗaki, sai ya ɗauko sunayen sassansa daga tantin makiyayi. Akwai sababu, wato igiya, akwai watadu, wato turke. 

Wannan ilmi shi ne Aruli, kuma kuna amfani da shi ko ba ku sani ba. Burda ta Imamul Busiri da kuke rerawa a Maulidi tana kan baharin Basiɗ, Hamziyyarsa tana kan Khafif. Tuhfatul Aɗfal da 'yan ajin Tajwidi suke haddacewa da Alfiyyar Ibnu Malik duka Rajaz ne, wato mustaf'ilun ana maimaitawa. Malaman jihadi na ƙasarmu sun ɗora waƙoƙinsu na Larabci da na Hausa da na Fulatanci a kan waɗannan karuruwa, kuma Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1829, ya wallafa littafi a kan Aruli da Ƙafiya.

To, ga tambaya. Mutum nawa ne suka bi ta kasuwar maƙeran nan kafin Halilu? Dubbai. Su hayaniya kawai suka ji, wasu ma toshe kunne suka yi. Shi kuwa ya zo da kai cike da dubban baitoci da ya haddace, ga shi ya san ilmin sauti da na kiɗa, har ya yi rubutu a kansu. Gudumar ta sami abin da za ta tayar ne. Da kansa fanko ne, da ko shekara ya yi a kasuwar ba abin da zai fita da shi sai ciwon kai.

An ce wata rana ɗansa ya shigo ya tarar da shi shi kaɗai yana yanka baiti yana maimaita waɗannan ma'aunai da ba su da ma'ana a kunne. Yaron ya fita da gudu ya gaya wa mutane babansa ya haukace. Da jama'a suka shigo, Halilu bai yi fushi ba, ya yi wa ɗan nasa uzuri saboda bai san abin da ake yi ba. Iyaye, a nan akwai abin lura. Wani lokaci abin da kuke gani shirme ne a wurin yaro, shi ne ƙofar da Allah Ya buɗe masa.

WASULLAN DA KUKE KARATU DA SU

A farkon zamani ana rubuta Larabci babu ɗigo babu wasali. Abul Aswad Addu'ali, wanda ya rasu a shekara ta 69, shi ya fara sa alama da jar tawada: ɗigo a saman harafi fataha ke nan, a ƙasa kisira, a gaba rufu'a, ɗigo biyu kuma tanwini. Bayansa, a zamanin Hajjaju, aka sa wasu ɗigogin don bambanta haruffa masu kama da juna, kamar ba da ta da sa. Sai ɗigo ya yi yawa a shafi, mai karatu yana rikicewa, marubuci kuma dole ya riƙe tawada kala biyu.

Halilu ya warware wannan. Ya ce tun da wasali ɗan guntun harafi ne a furuci, bari ya zama ɗan guntun harafi a rubutu. Ya mai da fataha ƙaramin alif a kwance a sama, rufu'a ƙaramin wau, kisira kuma ya ciro ta daga ya. Shadda ya ɗauko ta daga kan shinun, hamza kuma daga kan ain saboda kusancin mafitarsu. Ku ɗauko littafinku ku duba shadda da kyau, za ku ga haƙoran shinun guda uku. Duk yaron da ke koyon farfaru, da duk wanda ke karanta shafin Ajami na wannan mujalla, yana cin gajiyar aikin wannan malami. Tsohuwar hanyar ma ba ta ɓace gaba ɗaya ba, don alarammominmu masu rubuta Alƙur'ani da hannu suna sa wasali da jar tawada, hamza kuma ɗigo ne na rawaya.

LITTAFIN AIN

Babban aikinsa na uku shi ne ƙamus na farko na harshen Larabci, mai suna Kitabul Ain. Kafinsa malamai sukan tara kalmomi a kan abu guda, wannan ya yi ɗan littafi kan doki, wancan kan raƙumi ko ruwan sama. Halilu ya so hanyar da kalma ko ɗaya ba za ta kuɓuce ba.

Da farko ya ɗanɗana haruffa a bakinsa ɗaya bayan ɗaya don ya san inda kowanne yake fita, ya jera su tun daga maƙogwaro har zuwa leɓe. Ya ƙi farawa da hamza da alif saboda suna yawan canzawa, ya fara da ain, shi ya sa littafin ya ci wannan suna. 'Yan ajin Tajwidi, makharijul huruf da kuke wahala da su, tushen bayaninsu yana komawa ga wannan malami da almajirinsa Sibawaihi.

Sannan ya kawo lissafi. Ya ce saiwar kalmar Larabci haruffa biyu ce, ko uku, ko huɗu, ko biyar. Haruffa biyu ana jujjuya su sau 2, uku sau 6, huɗu sau 24, biyar sau 120. Ku gwada da ain da lam da mim. Za ku sami alima, ya sani, ku sami amila, ya aikata, ku sami lama'a, ya haskaka, har ku cika shida. A kowace juyawa sai ya duba ko Larabawa sun yi amfani da ita ko sun bar ta. Da wannan dabara ya kewaye harshen gaba ɗaya. Malamai da yawa suna ganin shi ya tsara littafin, almajirinsa Laisu ɗan Muzaffar ya cika shi. An buga shi a Bagadaza cikin juzu'i 8 tsakanin 1980 da 1985.

ALMAJIRAI BIYU

Yanzu mun zo kan abin da na fi so iyaye su ji.

Wani saurayi Bafarishe mai suna Amru ɗan Usman, wanda aka fi sani da Sibawaihi, ya zo Basra don karatun Hadisi a wurin Hammadu ɗan Salama. Wata rana yana karanta wani hadisi sai ya sa wa sunan sahabi Abud Darda'i rufu'a a inda nasabi ya kamata. Malamin ya gyara masa a gaban jama'a, ya ce ya yi lahani. Ga shi ba Balarabe ba, ga shi an ce harshensa yana da ɗan nauyi wajen magana. Da a wurinmu ne, da tuni an ce ba shi da kan Larabci. Shi kuwa kunyar nan ta sa ya ɗaura niyyar neman ilmin da ba wanda zai ƙara kama shi da kuskure. Ya je ya lizimci Halilu. Halilu ya karɓe shi hannu biyu, yana yi masa maraba irin wadda ba a ji yana yi wa kowa ba. Wannan saurayi shi ya rubuta Alkitab, littafin da har yau ba a yi kamarsa ba a Nahawu. Ya ambaci Halilu a cikinsa fiye da sau 500, kuma duk inda ya ce ya tambaya bai faɗi suna ba, to malamin nasa yake nufi. Ya rasu wajen shekara ta 180 bai kai shekara arba'in ba, a zance mafi shahara.

Na biyu wani ɗalibi ne da ya daɗe yana zuwa koyon Aruli, amma abin ya ƙi shiga. Halilu ya yi ta haƙuri da shi tsawon lokaci. Da ya tabbata ƙofar nan a rufe take, bai kira shi daƙiƙi ba, bai kore shi a gaban abokansa ba. Ya ba shi wani baiti ya ce ya auna, alhali baitin nasiha ne ga wanda wani aiki ya gagara da ya koma ga wanda zai iya. Ɗalibin ya gane saƙon, ya tashi bai ƙara zuwa darasin Aruli ba, Halilu kuma ya yi mamakin saurin ganewarsa. Wasu malamai sun ce wannan ɗalibi shi ne Al'asma'i. In haka ne, to ku sani Al'asma'i ya zama ɗaya daga cikin manyan mahaddatan harshe da waƙoƙin Larabawa, har ya zauna a fadar Haruna Rashid. Kun ga, ƙofa ɗaya ta rufe, wata ta buɗe.

ABIN DA BAI IYA BA

Kada ku ɗauka Halilu ya iya komai. Mutumin da ya auna waƙoƙin Larabawa kaf, shi kansa bai zama babban mawaƙi ba. Yana da 'yan baitoci na hikima da zuhudu, amma Ibnu Ƙutaiba, wanda ya rasu a 276, a littafinsa na mawaƙa ya kawo wasu baitocin Halilu a matsayin misalin waƙar da aka yi da ƙyar, ya ce haka waƙar malamai take, ba ta zubowa da sauƙi. Malaman adabi sukan raba mawaƙa biyu: maɗbu'i, wanda waƙa take cikin ɗabi'arsa, da mai takallufi, wanda sai ya yi gumi. Amma ko masu ɗabi'ar ba su tsira daga aiki ba, don an ce Zuhairu ɗan Abi Sulma yakan shekara yana gyaran ƙasida ɗaya kafin ya fito da ita.

Alƙali Jurjani ya ce waƙa tana bukatar ɗabi'a da yawan hadda da kaifin hankali, sannan yawan gwadawa. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 808, ya kira ƙwarewa da suna malaka, ya ce maimaici ne ke kafa ta a cikin mutum. Ya buga misali da wanda zai iya bayyana maka yadda ake ɗinki daki-daki, amma ka ba shi allura da zare ya kasa. Ita kalmar baiwa a Hausa 'yar uwar bayarwa ce, kamar yadda mauhiba a Larabci ta fito daga hiba, wato kyauta. Harsunan biyu sun yarda ba kai ka yi wa kanka ba. Abin da aka ba ka kuwa amana ne, za a tambaye ka.

An ruwaito cewa Halilu ya kwana yana hira da Ibnul Muƙaffa, wanda ya fassara Kalila wa Dimna. Da gari ya waye aka tambayi kowannensu yadda ya ga ɗan'uwansa. Halilu ya ce ya ga mutumin da ilminsa ya fi hankalinsa yawa, Ibnul Muƙaffa kuma ya ce ya ga mutumin da hankalinsa ya fi ilminsa yawa. Magabata suna bambanta tarin sani da hankalin da ke riƙe shi, kuma na biyun suka fi girmamawa.

ZUHUDUNSA DA RASUWARSA

Almajirinsa Nadru ɗan Shumail ya ba da labarin cewa Halilu yana zaune a cikin wata bukkar kara a Basra, ko kwabo biyu ba ya mallaka, alhali almajiransa suna tara dukiya da ilminsa. Wani gwamnan Ahwaz mai suna Sulaimanu ya aiko masa ya zo ya koyar da 'ya'yansa. Halilu ya fito da busasshiyar gurasa ya nuna wa ɗan aiken, ya sanar da shi cewa muddin yana samun wannan ba shi da bukata a wurin Sulaimanu. An kuma ce shekara guda yakan je Hajji, shekara guda ya fita jihadi.

Ya rasu a Basra a shekara ta 170, wasu suka ce 175, wato 786 ko 791 Miladiyya. Sababin rasuwarsa, kamar yadda aka ruwaito, shi ne yana tunanin wata hanyar lissafi mai sauƙi wadda yarinyar da aka aika kasuwa za ta riƙe, mai kanti ya kasa cutar ta. Ya shiga masallaci hankalinsa yana can, ya yi karo da ginshiƙi, ya faɗi, wannan ya zama ajalinsa. Ku duba fa, tunanin ƙarshe na mutumin da ya fi kowa basira a zamaninsa a kan 'yar aike yake. Allah Ya jiƙansa da rahama.

DARUSSA

Ga ɗalibin da Allah Ya ba saurin hadda: kada ka ruɗu. Mun sha ganin yaro ya yi fice a aji ɗaya da aji biyu, ana ta yaba masa, ya daina tilawa, kafin aji biyar wanda yake bayansa ya wuce shi. Abin da ya shiga da sauri yakan fita da sauri in ba a ɗaure shi ba. Ka tuna kwalabar tawada 15 ta Alkisa'i.

Ga wanda karatu ke yi wa nauyi: kuskure a gaban aji ba hukunci ba ne a kan rayuwarka. Sibawaihi da kuskure ya fara. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga iyaye: kafin ku ce yaro ba shi da kai, ku bincika. Yana gani sosai? Yana ji sosai? Ya karya kumallo kafin ya fito? Talla ko aike sun bar masa lokacin bita? Sannan ku duba inda yake da ƙarfi. Wani hadda ce ke ba shi wuya amma hannunsa na rubutu kamar ɗab'i. Wata ba ta da saurin amsa tambaya amma muryarta da Tajwidinta sai ka tsaya. Wani lissafin gado ne zai iya tun yana ƙarami. Kalmar daƙiƙi idan ta fito daga bakin uba takan zauna a zuciyar yaro har ya tsufa.

Ga 'yan'uwana malamai, kuma da kaina nake farawa: Halilu bai yanke hukunci a kan ɗalibinsa a mako ɗaya ba, kuma da ya yanke bai tozarta shi ba. Sai dai a kula, abin da ya sallame shi daga kansa Aruli ne, wanda ba wajibi ba ne a kan kowa. Fatiha da tsarki da salla da sanin Allah, waɗannan babu yaron da za a ce ba shi da baiwarsu. Ko sau ɗari ne sai mu maimaita masa har ya iya.

Allah Ya buɗe ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya ba mu haƙurin koyar da su, Ya saka wa iyaye da alheri. A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu kawo tarihin Sibawaihi a cike, da abin da ya faru tsakaninsa da Alkisa'i a Bagadaza.